Tatsar man kanumfari da citta a gida: farin ruwa kawai nake samu, man ya ƙi fitowa

Mai Haɗa Humra, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da duk wanda ya taɓa tatsar mai daga kayan ƙamshi ta hanyar tururi. Sana'ata haɗa humra da turaren wuta, kuma tsadar man ƙamshin da ake shigowa da shi ce ta sa na yi sha'awar fitar da nawa daga kanumfari da citta, tunda duka biyun ba wuyar samu suke yi a Kaduna ba. Ƙanena ya samo mini kayan gilashi irin na ɗakin gwaje-gwaje: tulun gilashi mai cin lita 1, bututun sanyaya tururi wanda ruwa ke zagaya shi, ma'aunin zafi, da kwalbar tarba.

Ga yadda nake yi. Ina sayen garin kanumfari a Kasuwar Barci, in auna giram 100, in zuba masa ruwa mililita 800 a cikin tulun, in ɗora a kan murhun gas. Tiyon famfo na haɗa shi da bakin sama na bututun sanyayawa, ruwan ya fita ta ƙasa ya tafi lambatu. Ma'aunin zafi yana hawa har digiri 98, daga nan ba ya ƙara motsi ko da na ƙara wuta, alhali an gaya mini man kanumfari sai ya wuce digiri 250 yake tafasa. Abin da ke ɗigowa cikin kwalbar ruwa ne fari kamar an dama nono, yana da ƙamshi sosai, amma ban ga mai yana yawo a samansa ba. Bayan haka tulun yakan yi tsit na ɗan lokaci, sai kuma ya yi wata irin tafasa da ƙarfi har ya girgiza, baƙin ruwan garin ya tsallaka cikin bututun ya ɓata abin da na tara. Ɗakin kuma yakan cika da ƙamshin kanumfari har ido ya riƙa yaji.

Ta citta ta fi muni. Garin yana yin kumfa ya hau har wuyan tulu, ƙasan ya kama, abin da ya fito kuma warin ƙauri yake yi. Shin wutar ce ba ta isa ba, ko kayan ne ba su da kyau, ko kuwa wannan aiki ba na gida ba ne? Allah ya ba da ikon amsawa.

Tsohon Malamin Kimiyya, Kawo

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zan fara da abin da zai kwantar miki da hankali: wannan farin ruwa da kike ganin kamar asara, shi ne shaidar cewa man yana fitowa. Farin nan ba komai ba ne illa ƙananan ɗigon mai da suka watsu cikin ruwa, sun yi ƙanƙanta da yawa har ba sa iya haɗuwa da wuri. Duk lokacin da kika ga abin da ke ɗigowa ya koma garai, to kanumfarin ya ƙare abin da ke cikinsa, kuma da wannan alama ake sanin lokacin kashe wuta.

Batun digiri 98 kuwa, ma'auninki lafiyarsa ƙalau, kuma ƙara wuta ba zai ɗaga shi ba. Gaskiya ne cewa sinadarin da ya fi yawa a man kanumfari, wanda ake kira yujinol, yana tafasa ne a wajen digiri 254 idan shi kaɗai ne. To amma idan mai da ruwa, waɗanda ba sa gauraya, suna cikin tukunya guda, kowannensu yana fitar da tururinsa ba tare da la'akari da ɗayan ba, kuma da zarar ƙarfin tururin biyu a haɗe ya kai matsin iskar da ke waje, sai tukunyar ta tafasa. Saboda haka cakuɗen yana tafasa ne ƙasa kaɗan da inda ruwa zalla yake tafasa, tururin ruwa kuma ya riƙa ɗauko man kaɗan-kaɗan yana tafiya da shi. Amfanin hanyar ke nan gaba ɗaya, domin da za a kai man ga digiri 254 a kan wuta, da ƙamshinsa ya lalace kafin a tara shi. Digiri 100 da aka koyar da mu a makaranta na bakin teku ne. Kaduna tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 600, kuma kowace mita 300 tana rage wajen digiri 1, shi ya sa ko ruwan shayi a nan garin a wajen 98 yake tafasa. Ki tafasa ruwa zalla a tulun ki duba, za ki gani da idonki.

Sai tambayar inda man ya shiga. Mun saba da cewa mai yana tasowa saman ruwa, amma na kanumfari yana cikin 'yan kaɗan da suka saɓa wa wannan, domin mililita 1 na yujinol yana da nauyin kimanin giram 1.06, wato ya ɗan fi ruwa nauyi. Ki ɗaga kwalbarki ki duba ƙasanta a cikin haske bayan ta kwana, ina kyautata zaton za ki ga ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ɗorawa a kwance a gindi. Wani ɗan kaso na man, wanda bai kai ruwa nauyi ba, yakan taso sama ya yi siririn zobe a jikin gilashi, wani kuma yana narke a cikin ruwan, tunda lita 1 ta ruwa tana iya riƙe fiye da giram 2 na yujinol. Da yake bambancin nauyin nasu kaɗan ne, rabuwar tana da jinkiri.

Hanya mafi sauƙi a gida ita ce gishiri. A kowane mililita 100 na farin ruwan ki zuba gishirin girki kamar giram 30, ki juya a hankali har ya narke, kada ki girgiza da ƙarfi domin girgiza tana ƙara farfasa ɗigon. Gishirin yana yin aiki biyu: yana korar man da ya narke daga cikin ruwan, kuma yana ƙara wa ruwan nauyi har ya kusa giram 1.2 a kowane mililita, sai man da dā yake nutsewa ya taso sama gaba ɗaya. Ki zuba a doguwar kwalba mai siririn wuya, ki cika ta har ruwan ya shiga wuyan, ki ajiye a wuri mai sanyi ya kwana. Da safe man zai taru a wuyan ya yi kauri yadda za ki iya zuƙe shi da ɗan bututun gilashi mai kan roba. A faffaɗan kofi wannan mai ɗin zai baje ya zama kamar babu.

Abu na ƙarshe daga gare ni, ki daina sayen gari. Kanumfari mai kyau yana ɗauke da mai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, amma garin da ya daɗe a buɗe a faranti cikin zafin kasuwa ya riga ya ba iska rabonsa, ba a ma maganar abin da mai yiwuwa aka gauraya masa. Ki sayi 'ya'yan, ki danna guda da farce, idan mai kyau ne za ki ga maiƙo ya fito. Ki jefa kaɗan cikin kofin ruwa: mai kyau yana nutsewa ko ya tsaya a tsaye kansa a sama, wanda ya bushe ƙarau ko aka riga aka tatse shi kuwa a kwance yake yawo. Ki ɓarza su sama-sama a turmi a ranar da za ki yi aikin.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaje-gwaje, Barnawa

Malam ya gama magana a kan ilimin abin, Allah ya ƙara lafiya. Ni zan taɓa ɓangaren kayan aiki, domin a bayaninki, Hajiya, akwai abin da ya fi rashin samun mai damuna, wato wannan tafasa mai girgiza tulu. Da ita ake fasa gilashi, kuma ruwa mai digiri 98 idan ya watsu a jiki ba wasa ba ne.

Dalilinta shi ne cikin gilashi sumul yake, kumfar tururi ba ta samun inda za ta fara, sai ruwan ƙasa ya yi zafi fiye da ƙima ba tare da ya tafasa ba, musamman a ƙarƙashin garin da ya kwanta ya yi laka, daga nan sai ya fashe gaba ɗaya lokaci guda. Tsit ɗin da kike ji kafin girgizar shi ne lokacin da zafin ke taruwa. Maganinta tsingaro ne. Ki sami fasasshen tulun ƙasa ko kasko wanda ba a shafa masa komai ba, ki farfasa shi kamar girman ƙwayar wake, ki wanke, ki busar, ki jefa uku ko huɗu tun ruwan yana da sanyi. Ƙananan ramukan jikinsa suna riƙe iska, daga nan ne kumfa ke tashi a jere ba tare da tsayawa ba. Sharaɗi biyu ne: kada a jefa shi cikin ruwan da ya riga ya yi zafi, domin nan take zai yi ambaliya, kuma wanda aka yi aiki da shi ya huce ramukansa sun sha ruwa, sai a sa sabo.

Tulun kuma ya cika da yawa. Mililita 800 da gari giram 100 a tulu mai cin lita 1 bai bar wa tafasa wuri ba. Rabi ya fi, iyaka kashi biyu cikin uku. Ki rage kanumfarin zuwa giram 50, ruwa 500. Kada harshen wutar gas ya taɓa gilashin kai tsaye. Ki zuba wankakken yashi a tsohuwar tukunya, ki binne gindin tulun a ciki, ki ɗora tukunyar a wuta, sai zafin ya rarrabu. Yashi yana da jinkirin ɗaukar zafi da jinkirin saki, don haka ki riƙa rage wuta tun kafin tafasar ta kai inda kike so. Saurin da ake nema ɗigo 1 ko 2 ne a daƙiƙa.

Ƙamshin da ke cika ɗaki kuwa man ki ne yake gudu. Tiyonki a juye yake: ruwan sanyaya ta bakin ƙasa yake shiga ya fita ta sama, don ya cika rigar bututun taf. Idan ya shiga ta sama, zirarewa kawai yake yi ta gefe guda ya bar sauran gilashin a bushe. Ki taɓa ƙarshen bututun kusa da kwalbar tarba, ya kamata ki ji shi da sanyi, idan da ɗumi to tururi yana wucewa. A watannin Maris da Afrilu ruwan tankin da ke kan rufi shi kansa ɗumi gare shi da rana, don haka ya fi kyau ki sa ƙanƙara a bokiti da ɗan famfon nan na akwatin kifi ya riƙa zagaya ruwan. Tunda ba a yi wa wutar lantarki alkawari, ki tanadi bokiti na biyu a kan tebur mai tsayi wanda ruwa zai iya gangarowa daga cikinsa da kansa, in kuwa ruwan ya tsaya to a kashe gas nan take. Mahaɗan gilashin ma ki duba su, ki naɗa musu farin tef ɗin nan na masu gyaran famfo. Kada ki shafa basilin, man zai narkar da shi ya shiga kayanki. Da hunturu kuma matsalar takan juya, iska ta sanyaya wuyan tulu tururin ya riƙa komawa ciki, sai a naɗe wuyan da takardar alminiyom.

Sai dai a kiyaye: toshe mahaɗa daban, toshe ƙarshen hanya daban. Dole a bar kafar iska a wajen kwalbar tarba, domin duk kayan da aka rufe ruf aka ɗora a wuta fashewa za su yi. Kada bakin bututun ya nutse cikin ruwan da aka tara, in ba haka ba da zarar an kashe wuta zai zuƙo ruwan sanyi ya koma cikin tulu mai zafi. Kada kuma a bari tulun ya ƙafe. Idan ruwan ya yi ƙasa alhali abin da ke ɗigowa bai washe ba, a kashe wuta, a bari ya lafa, a ƙara ruwan zafi da sabon tsingaro.

A wuri guda zan ɗan bambanta da Malam. Gishiri yana aiki, amma ni na fi son a zare man da ya kwanta a ƙasa tukuna, sannan farin ruwan da ya rage a yi amfani da shi a madadin sabon ruwa a zubi na gaba, tunda ya riga ya ƙoshi da mai ba zai ƙara shan wani ba. Akwai ma ɗan kan gilashi da ake kira Clevenger, wanda aka ƙirƙiro tun 1928, yana riƙe man ya mayar da ruwan cikin tulu da kansa. Iri biyu ne, na mai mai tasowa da na mai mai nutsewa, wanda zai saya don kanumfari sai ya faɗa wa mai sayarwa.

Ɗan Kachia Mazaunin Sabon Tasha

Hajiya, ni a kan citta zan yi magana, tunda a cikinta na tashi. Abin da ya same ki dole ne ya faru, domin kusan rabin busasshiyar citta sitaci ne. Idan kika niƙa ta kika dafa a ruwa, kunu kika dama, kuma dole ya yi kumfa ya kama ƙasa. Ba a dafa ta a cikin ruwan, turara ta ake yi, kamar yadda ake turara dambu a madambaci: ruwa a ƙasa yana tafasa, cittar a sama kan rariya, tururi ya ratsa ta ya wuce zuwa bututun sanyayawa. A ɓarza ta girman ƙwayar masara, a zuba ta sakwa-sakwa amma ba tare da barin rami a gefe ba, domin tururi hanya mai sauƙi yake bi, in ya samu kafa zai wuce bai taɓa sauran ba.

Sannan ki rage tsammani. Busasshiyar citta mai kyau kashi 1 zuwa 3 cikin 100 take bayarwa, wato daga giram 100 kamar mililita 1 zuwa 3, wanda yawancinsa zai manne a jikin gilashi kafin ya iso kwalba. Ƙasa da kilo guda wahala ce kawai, kuma tulun lita 1 ba zai ɗauki kilo ba, sai babbar tukunya ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ki nemi tsagaggiyar citta wadda aka shanya da ɓawonta, irin ta Kachia da Jaba da Kagarko, domin man yana da yawa a daf da ɓawon, wadda aka kankare ta rasa wani kaso. Bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin jihar nan a 2023 kuɗinta ya tashi ƙwarai, don haka ki yi lissafi da kyau ki ga ko fitar da man zai fi sayensa sauƙi. A ganina kanumfari zai biya ki, citta kuwa da kyar.

Man citta shi yana tasowa sama, ba ya buƙatar wata dabara. Kada kuma ki yi mamaki idan kika ji ƙamshi babu yaji, sinadarin da ke ba ta yaji ba ya bin tururi, a cikin tukunya yake zama.

Mai Haɗa Humra, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba kwalbar da na ajiye, lallai akwai ɗigo a ƙasanta kamar yadda Malam ya faɗa. Saura tambaya guda. Wata abokiyar sana'a ta ce in zuba sifirit ko fetur a farin ruwan, wai zai kwashe man gaba ɗaya, sannan in mayar da shi kan wuta a tulun nan ya ƙone ya bar man zalla. Shin wannan hanya tana da tushe? Kuma idan na tara man, yaya zan adana shi kada ya lalace?

Tsohon Malamin Kimiyya, Kawo

Hajiya, kada ki kusanci wannan shawara. Tushenta shi ne a ɗakin gwaje-gwaje akan kwashe mai daga ruwa da wasu sinadarai masu tsabta, amma ana yin haka ne a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, a wurin da babu harshen wuta ko ɗaya. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya tafi har inda murhu yake, wutar kuma ta biyo shi ta dawo kan tulun. Ko an tsira daga gobara, fetur cakuɗen abubuwa ne masu yawa, wasunsu ba za su bar man ba, warinsu kuma zai kashe humrar. Sifirit kuwa ba zai ma yi aikin ba, domin gauraya yake yi da ruwa, babu rabuwar da za ki gani. Wanda ake sayarwa don goge-goge ana sa masa metanol, guba ce mai makantarwa, ba abin da za a kai kusa da kayan shafawa ba ne. Shi ma tururinsa yana kama wuta ko a yanayin zafin ɗaki. Da gishiri da haƙuri, ko hanyar mayar da ruwa da ɗan'uwanmu na Barnawa ya kawo, wadda na yarda ta fi tawa tattali idan za ki riƙa yi a kai a kai, za ki sami mafi yawan man.

Game da adanawa, man da kika zuƙo zai zo da ɗan hazo saboda ragowar ruwa. Ki bar shi a ƙaramar kwalba ya kwana biyu, ruwan zai ware, sai ki sake zuƙe man zuwa busasshiyar kwalba. Idan ƙanenki zai iya samo miki wani busasshen farin gari da ake kira sodiyam salfet daga masu sayar da kayan kimiyya na makarantu, ɗan kaɗan a bakin cokali yana shanye ruwan cikin minti kaɗan, sai a tsiyaye man a bar garin. Kwalbar ta zama ta gilashi mai launin ƙasa, ƙarama yadda man zai kusa cika ta, da murfi mai kamawa, a ajiye ta nesa da rana. Iska da haske suna sa man kanumfari ya yi duhu ya yi kauri, haɗuwa da baƙin ƙarfe kuma tana baƙanta shi da sauri, roba kuwa cin ta yake yi.

Ki kuma tuna cewa abin da ke cikin wannan kwalba ya fi kanumfarin girki ƙarfi nesa ba kusa ba. Zallansa yana ƙona fata, wasu kuma jikinsu yana yin ƙaiƙayi da shi ko an sirka, don haka ɗigo kaɗan ake sa wa a humra, a gwada a bayan hannu kafin a ba mai saye. Ki sa safar hannu da tabarau lokacin aikin, ki yi shi a tsakar gida ko kusa da buɗaɗɗiyar taga. Ki rubuta suna da kwanan wata a jikin kwalbar ki kulle ta inda yara ba sa kaiwa, domin ƙaramin cokali guda idan yaro ya sha yana iya taɓa masa hanta, kuma in hakan ta faru asibiti ake nufa kai tsaye ba tare da an sa shi amai ba.